Shakazobar Asali ko ta Kasuwa: Yadda Ake Zaɓa wa Motar da Take Barin Kwalta

Duk motar da take barin kwalta tana shiga burji ko yashi ko duwatsu, akwai ranar da shakazobarta za ta gaji, kuma a ranar nan mai ita zai tsinci kansa a tsakanin abu biyu: ko ya nemi irin wadda kamfanin motar ya sa mata tun daga masana'anta, ko ya sayi ta wani kamfani dabam da ya ƙware a wannan fanni, irin su Bilstein, Fox, King, Koni, Rancho, KYB ko Old Man Emu. Masu sayarwa sukan nuna kamar amsar tana cikin sunan da aka buga a jikin kwali. A ganina amsar tana jikin motar kanta, wato nauyin da aka ƙara mata, da tsayin da aka ɗaga ta, da girman tayoyin da aka sa mata, sannan da irin gudun da ake yi da ita a kan mummunar hanya da tsawon lokacin da ake ɗauka ana yinsa. Wanda ya san waɗannan abubuwa game da motarsa kafin ya je saye, da wuya a sayar masa da abin da ba ya buƙata.

Aikin da take yi, da wanda ba nata ba

Shakazoba ba ta ɗaukar nauyin mota, kuma ba ta ɗaga ta. Wannan aikin sifirin ne, ko na murɗaɗɗen ƙarfe ne ko na faifai-faifai. Abin da shakazoba take yi shi ne hana sifirin ci gaba da lilo bayan ƙafar mota ta taka rami ko tudu. A cikinta akwai fistin da ke motsi a cikin mai, kuma duk lokacin da ya motsa sai man ya bi ta wasu ƙananan ƙofofi da siraran faifan ƙarfe suka tsare, a nan ne ƙarfin tsallen yake rikiɗa ya zama zafi, zafin kuma ya fita ta jikin bututun zuwa iska. Saboda haka wanda bayan motarsa ya zauna saboda lodi, sabuwar shakazoba ba za ta tayar da shi ba komai tsadarta, sifirin ne ya kamata ya duba. Kuskure ne da ake yawan yi, kuma yakan sa a zargi kaya mai kyau da laifin da ba nasa ba.

Kafin a sayi komai, yana da kyau a tabbatar tsohuwar ta mutu da gaske. Ɗan nason mai da ƙura ta manne masa a saman bututu ba lallai ya zama matsala ba, amma mai da ke gangarowa jiƙe sharkaf alama ce ta cewa sil, wato robar da ke hana mai zubowa, ya tafi. Sauran alamun su ne motar ta riƙa lilo sau biyu ko uku bayan ta wuce tudu, gabanta ya riƙa dungurawa ƙasa idan an taka birki, tayoyi su riƙa cinyewa gurbi-gurbi, ko a ji ƙwanƙwasa daga ƙarƙashi. Sai dai ƙwanƙwasa sau da yawa daga robar kunnen shakazoba take fitowa ko daga wani noti da ya saki, kuma waɗannan gyaransu ƙarami ne. Gwajin nan na danna kusurwar mota da hannu a sake ta ba ya nuna komai a kan babbar mota mai taurin sifirin, don haka kada a dogara da shi.

Inda ta asali ta fi

Akwai raini da wasu masu shiga daji suke yi wa kayan asali, kuma ban ga dalilinsa ba. Injiniyoyin kamfani sun auna wannan shakazoba a kan wannan mota, da nauyinta da sifirinta da tayoyinta da birkinta da kwamfutar da ke hana ta zamewa, kuma sun gwada ta a sanyi da zafi na tsawon lokacin da babu wani mai sayar da kayan gyara da zai iya yi wa kowace mota ɗai-ɗai. Tsawonta daidai ne, kunnuwanta daidai ne, ba ta taɓa tiyon birki, ba ta ƙara, kuma ba ta jawo gardama a kan garanti. Yawanci ma kamfanin motar ba shi ne ya ƙera ta da hannunsa ba. Kamfanoni irin su KYB, Tokico, Sachs da Bilstein ne suke ƙera masa bisa ma'aunin da ya ba su.

Raunin ta asali shi ne an yi ta ne don ta gamsar da kowa, kuma mafi yawan masu sayen irin waɗannan motoci a kan kwalta suke rayuwa. Don haka akan ba ta laushi, fistinta matsakaici, manta kaɗan. Idan motar tana nan yadda ta fito, ba a ɗaga ta ba, ba a yi mata bamba ta ƙarfe ba, kuma shigarta daji a hankali ake yi, ana rarrafawa a kan duwatsu ko taɓo da ƙaramar giya, to ta asali ta wadatar. A irin wannan tuƙi shakazoba ba ta ɗaukar zafi sosai, kuma kuɗin da za a kashe a kan babba gara a sa shi a tayoyi masu kyau.

Akwai motocin da ta asali ta fi ƙarfin a ce ta wadatar kawai. Ford F-150 Raptor tun fitowarta a 2010 da Fox take zuwa, kuma daga 2019 aka haɗa ta da kwamfuta mai sauya taurinta a cikin tafiya. Chevrolet Colorado ZR2 ta 2017 ta zo da ta kamfanin Multimatic mai wani irin bawul na daban. Toyota Tacoma TRD Off-Road ta shafe shekaru tana fitowa da Bilstein. Wanda ya cire irin waɗannan ya sa ta kasuwa mai matsakaicin daraja, ya koma baya ne yana ganin ya ci gaba.

Sai kuma rukunin da ya fi buƙatar hattara, wato motocin da shakazobarsu ba ita kaɗai take aiki ba. Wasu Land Cruiser da Lexus LX suna da tsarin AHC, wanda famfo da mai suke ɗaga motar su sauke ta. Wasu Toyota 4Runner suna da X-REAS, inda tiyo ya haɗa ta gaba a dama da ta baya a hagu, haka kuma ɗaya ɓangaren. Wasu Nissan Patrol Y62 suna da HBMC, tsarin da shi ma tiyon mai yake haɗa shakazoba da 'yar uwarta, Range Rover kuma jakar iska take amfani da ita a madadin sifirin ƙarfe. A kan irin waɗannan ba a cire guda ɗaya a sa ta kasuwa. Ko dai a mayar da ta asali, ko a cire tsarin gaba ɗaya a sa cikakken saiti da aka yi don wannan canji, tare da sifirin da ya dace da abin da zai hana kwamfuta kunna fitilar gargaɗi. Aiki ne babba, kuma wanda ya yi shi ya rabu da aikin da tsarin yake yi, kamar ɗagawa da saukewa a motocin da suke da su.

Zafi shi ne ainihin dalilin canzawa

Abin da yake kashe shakazoba a daji ba babban rami guda ɗaya ba ne, hanyar burji ce mai gargada, wadda ƙasa ta yi kunya-kunya kamar gona. Idan tazarar da ke tsakanin tudu da tudu rabin mita ce, motar kuma tana gudun kilomita 60 a awa, kowace ƙafa tana hawa da sauka sama da sau 30 a daƙiƙa guda. Bayan an jima a haka man yakan yi zafi ya tsinke, sannan ya gauraya da iska ya yi kumfa, kumfa kuwa tana wuce ƙofofin fistin ba tare da wata turjiya ba. Direba zai ji bayan motar ya fara yawo, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, tayoyi suna tsalle ba sa kama ƙasa. Idan aka tsaya ta huce sai ta dawo daidai, abin da ke sa wasu su ɗauka babu matsala. Wanda yake ganin haka a kai a kai, shi ne mutumin da ta kasuwa za ta yi wa amfani na gaske.

Ƙira iri biyu ce ta mamaye kasuwa. Mai bututu biyu, ɗaya a cikin ɗaya, ita ce aka fi samu a motoci daga masana'anta. Tana da sauƙin ƙerawa, tana da laushi a kan ƙananan gargada, kuma idan dutse ya loɓa bututun waje, na cikin yakan tsira ta ci gaba da aiki. Amma fistinta ƙarami ne, zafi yana daɗewa kafin ya fita saboda sai ya ratsa bango biyu, kuma a yawancinsu mai da iskar gas suna wuri ɗaya babu shamaki. Mai bututu ɗaya kuwa, wadda Bafaranshe Christian Bourcier de Carbon ya ƙirƙiro a shekarun 1950, Bilstein ta Jamus kuma ta yaɗa ta, tana da wani fistin na biyu mai yawo da ya raba mai da iskar naitirojin mai matsi sosai, don haka kumfa ba ta samun hanya. Fistinta ya fi faɗi, man kuma yana jingine da bangon waje kai tsaye yana hucewa. Aibinta shi ne idan bututun ya loɓa fistin zai maƙale, sannan tana iya zama da ɗan tauri a cikin gari.

Daga nan sai girma. Bilstein 4600 da 5100 fistinsu milimita 46 ne, 6112 kuma milimita 60. Fox da King da inci suke kiran nasu, 2.0 da 2.5 da 3.0, wato faɗin bututun. Ƙarin faɗi yana nufin ƙarin mai da ƙarin jikin da zai fitar da zafi. Masu ƙaramin tanki a gefe, wanda aka haɗa da tiyo ko aka manna a jikin bututu, sun ƙara yawan man, kuma sun kwashe gas ɗin zuwa tankin, abin da ya ba sandar fistin damar tafiya mai tsawo. Ra'ayina a nan shi ne mafi yawan masu motar yawon daji ba sa kai shakazoba mai bututu ɗaya ta milimita 46 ko inci 2.0 iyakarta. Mai tanki ta dace da mai tafiyar awanni a kan burji da mota cike da kaya, ko mai gudu a sahara. A kan motar da ke zuwa daji sau ɗaya a wata, ado ce mai neman hidima. Kuma rage iskar taya kaɗan a kan burji, tare da rage gudu, yana sauke wa kowace irin shakazoba aiki mai yawa ba tare da an sayi komai ba.

Ya kamata a sani cewa ba kowace ta kasuwa ce ta fi ta asali ƙarfi ba. Akwai waɗanda aka yi don su maye gurbin ta asali daidai wa daida, irin su KYB Excel-G da Bilstein B4, kuma zaɓi ne mai kyau ga tsohuwar mota da ta asalinta ta yi wuyar samu. Amma wanda ya saye su yana tsammanin sauyi a daji zai ji kamar bai canza komai ba, domin da ma ba a yi su don haka ba.

Nauyi, tsayi da taya

Kafin a zaɓi lamba, a ɗora wa motar duk abin da take ɗauka a tafiya ta gaske, mutane da ruwa da man fetur da kayan aiki da tayar sifiya, a kai ta babban sikelin auna motoci, a auna gaba daban, baya daban. A gwada abin da aka samu da iyakar da kamfani ya rubuta a takardar da ke manne a gefen ƙofar direba. Babu shakazoba ko sifirin da zai halatta wuce wannan iyaka, domin birki da shasi da aksul ba su canza ba. Amma ko a cikin iyakar, bamba ta ƙarfe da na'urar jan igiya a gaba, da akwatuna da tanti a sama, suna buƙatar sifirin mai ƙarfi, sifirin mai ƙarfi kuma yana dawowa da ƙarfi, wanda ta asali ba za ta iya riƙe shi ba. Shi ya sa kamfanoni irin su Old Man Emu na Ostireliya suke sayar da sifirin da shakazoba a haɗe, bisa nauyin da aka ƙara. Sayen su tare daga wuri ɗaya ya fi haɗa-haɗe aminci. Manyan tayoyi ma suna da nasu tasirin, domin duk nauyin da ke ƙasa da sifirin, shakazoba ce take tsayar da shi idan ya yi tsalle.

Maganar tsayi ita ce wadda kuskure a cikinta ya fi jawo ɓarna. Kowace shakazoba tana da awo biyu, tsawonta idan ta miƙe gaba ɗaya da tsawonta idan ta tsuke gaba ɗaya. Idan aka ɗaga mota da inci 2 aka bar ta asali, za ta riƙa kaiwa ƙarshen miƙewarta da wuri, a ji tana bugawa duk lokacin da ƙafa ta faɗa rami, daga baya kunne ya tsinke ko sil ya lalace. Idan kuma aka sa wadda ta yi tsawo da yawa, za ta tsuke ta ƙare kafin robar da ke tare aksul ta taɓa, sai duk nauyin motar ya sauka a kanta ya lanƙwasa sandar ko ya fasa mazauninta. A ɗaya ɓangaren, idan ta bar ƙafa ta sauka fiye da kima, tiyon birki da wayar ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi ƙamewa idan an taka birki, za su ja, sifirin baya zai iya fita daga gurbinsa, kuma a motar da ƙafafunta na gaba suke motsi kowace da kanta, sandar da ke juya ƙafar za ta karkace fiye da yadda gaɓarta za ta jure. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a cire tsohuwar, a ɗaga motar har ƙafa ta rataya a auna tsakanin mazauni biyu, sannan a tura ƙafar sama har robar tarewa ta matsu a sake aunawa. Dole tsukakken tsawon sabuwar ya gaza wannan awo na biyu, da ɗan rata, domin roba tana ƙara matsuwa a bugu mai ƙarfi fiye da yadda jak zai matsa ta.

Yadda aka tsara faifan bawul shi ne yake ba mota halinta, kuma ba a ganinsa daga waje. Wani tsarin yana da tauri a motsi mai sanyi, kamar lokacin shan kwana ko taka birki, sannan ya saki idan bugu ya zo da sauri. Da shi aka san Bilstein, kuma yana riƙe doguwar mota mai nauyi da kyau a kan kwalta, ko da yake ana jin ƙananan tsakuwa a kujera. Wani kuma yana farawa da laushi ya riƙa ƙara ƙarfi yadda bugu ya ƙaru, wanda ya fi daɗi a kan gargada da gudu amma ya bar jiki ya ɗan kwanta a kwana. Fox da King sun fi karkata nan. Masu maɓallin sauyawa, irin Rancho RS9000XL mai matakai 9, suna da amfani ga motar da yau take wayam gobe take cike, in dai mai ita zai riƙa sunkuyawa yana juyawa da gaske. Da yawa sukan saita sau ɗaya su manta.

Hidimar da ke biyo baya

Ta asali da yawancin na kasuwa masu matsakaicin daraja a rufe suke, idan sun mutu sai a jefar. Manyan kuwa ana kwance su a canza mai da sil a sake cika gas, abin da yake da kyau a rubuce amma yana nufin sai an sami wanda ya iya, mai kayan aiki da tulun naitirojin, kuma motar za ta zauna har a gama. Fox tana ba da shawarar yin wannan hidima bayan kusan kilomita 80,000 ga motar kwalta zalla, amma kusan kilomita 16,000 kacal ga wadda take raba tafiyarta tsakanin kwalta da daji. Yawancin manyan kuma da ƙwallon ƙarfe suke zuwa a kunne a madadin roba, shi kuwa ƙura da ruwan gishiri suna cinye shi ya fara ƙara. Wanda yake nesa da mai irin wannan gyara, gara ya ɗauki rufaffiya mai kunnen roba wadda zai iya samun madadinta cikin sauƙi.

A karanta sharuɗɗan garanti kafin a biya, domin wasu suna cire duk ɓarnar da ta faru a daji ko a tsere, kuma ɗaga mota yana iya shafar garantin kamfanin motar da inshora, gwargwadon dokar ƙasar da ake ciki. Jabu ma sun yi yawa, na asali da na kasuwa duka. A nemi lambar kaya ta hanyar lambar shasin motar, a saya daga dillalin da kamfani ya amince da shi, kuma a yi shakkar duk wadda arharta ta wuce hankali.

Wajen ɗaurawa

Ana canza su biyu-biyu, dama da hagu na aksul ɗaya, kuma idan ana sauya iri ne gaba ɗaya, gara a canza huɗun don kada gaba da baya su saɓa. Kada a kama sandar fistin da filaya, domin ƙaramin karce a jikinta ya isa ya yanke sil cikin ɗan lokaci. Mai bututu biyu a tsaye ake ɗaura ta yadda kamfani ya nuna, kuma yana da kyau a tura ta a ja ta wasu lokuta tana tsaye kafin a sa, don man ya koma gurbinsa. Inda sifirin yake zagaye da shakazoba, kamar a gaban yawancin motocin ɗaukar kaya na zamani, matse shi aiki ne mai haɗari ƙwarai, kuma ya fi kyau a bar wa makaniken da yake da injin matsewa mai ƙarfi. Notin kunnen roba ba a ƙarasa ɗaure shi sai motar ta sauka ta tsaya a kan tayoyinta, idan ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri, kuma da sifana mai auna ƙarfi ake ɗaurewa, bisa adadin da ke littafin motar. Idan akwai tanki, a ɗaure shi nesa da salansa, a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a tabbatar taya ba ta goge tiyonsa. Duk aikin da ya sauya tsayin gaba yana buƙatar a daidaita ƙafafun motar, a kuma sake saita fitilun gaba. Bayan tafiyar farko a kan burji a sake bin notin nan ɗaya bayan ɗaya, a duba jikin kowane bututu ko akwai alamar gogayya ko yoyon mai.